Yadda aka yi wa gaban gidanmu kuɗi a Jos

Gidanmu na gado yana bakin hanya ne, a ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin cikin Jos, ta ɓangaren da ƙasa ke gangarawa zuwa rafin Dilimi. Kakanmu ya fara ɗora shi da jar ƙasa tun kuza na tashe. Mahaifinmu ya zo ya ƙara shaguna uku na bulo a gaba, ya haƙa rijiya, ya yi wa tsoffin ɗakunan filasta. Da Allah ya yi masa rasuwa ba mu raba ba, don Inna na ciki, kuma da hayar shagunan nan ake yi mata cefane. Ni ne babban namijin da ke zaune a gari, saboda haka duk takardar da ta shafi gidan a hannuna take ƙarewa.

Tun ambaliyar watan Yulin 2012, wadda ta yi ɓarna a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, ake ta cewa za a faɗaɗa hanyar tamu a yi mata babbar magudanar ruwa. An faɗa har mutane suka daina saurare. Sai ga shi a ƙarshen 2022 safiyo sun iso da na'urarsu mai ƙafa uku, suna bin layi suna kafa turaku, wani yaro na biye da su da gwangwanin jan fenti. Namu jan layin ya bi ta bayan shagunan, ya haɗa da zaure da ɗaki ɗaya na tsohon gini, ya kwashe rijiya da mangwaro da fiya guda biyu. Aka rubuta lamba a bangon zaure. Daga ranar, duk ofishin da na shiga da wannan lambar ake kiranmu.

An tara mu a ƙofar gidan mai unguwa. Jami'an suka yi bayanin aikin, suka ce za a biya kowa diyya, suka raba takardar sanarwa. Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya yi dillancin filaye shekara da shekaru, ya miƙe ya ce, "Yallaɓai, to nawa za ku sa wa taku ɗaya na ƙasa? Don mu nan bakin titi muke, mun san abin da ake tayawa."

Babban cikinsu ya amsa da Hausarsa ta 'yan Jos, a natse. "Baba, ƙasa ba ta cikin lissafi. Abin da ka ɗora a kai shi za mu biya."

Wurin ya kaure. Wasu suka ɗauka wayo ne irin na ciniki, an fara da tayin banza don a daidaita a tsakiya. Ba wayo ba ne, doka ce, kuma ta girmi yawancin waɗanda ke ihu a wurin. Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa, ta damƙa dukkan ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Abin da kai da ni muke riƙe da shi iznin zama ne da amfani. Sashe na 28 ya bai wa gwamna ikon soke wannan iznin idan buƙatar jama'a ta taso, kamar hanya ko asibiti ko makaranta. Sashe na 29 kuma shi ya faɗi abin da za a biya. A kan gini, kuɗin da zai ci a sake gina irinsa, a cire tsufan da ya yi. A kan shuka da itatuwa, abin da jami'in gwamnati mai alhakin aikin ya ƙayyade. A kan ita kanta ƙasar kuwa, kuɗin ƙasa, wato hayar da mai izni ke biyan gwamnati duk shekara, na shekarar da aka soke iznin, in ka biya, shi za a mayar maka. Mu da ba mu da C of O, wato takardar shaidar iznin zama da gwamna ke bayarwa, ba mu taɓa biyan ko sisi na kuɗin ƙasa ba, don haka a wannan gurbin sifili aka rubuta mana. An kuma cusa dokar cikin kundin tsarin mulki, ba a taɓa ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulkin kansa, shi ya sa ta kai yau duk da ƙorafin da ake yi a kanta.

Rashin C of O ɗin ya fara tayar mini da hankali. Abin da muke da shi wata tsohuwar takardar ciniki ce da ajami, mai ɗauke da hatimin mai unguwar wancan zamanin, sai rasiɗan haraji da mahaifinmu ke tarawa a cikin gwangwanin madara. Wani lauya da muke sallah masallaci ɗaya ya kwantar mini da hankali. Ya ce sashe na 34 ya ɗauki duk wanda yake da gini a cikin birni tun kafin dokar ta fara aiki tamkar mai iznin gwamna ne, ko da babu takarda a hannunsa. Ya kuma ce in adana takardar sanarwar nan kamar yadda nake adana ta gidan, domin dole ne a isar wa mai wuri da sanarwa yadda doka ta tsara, kuma kotuna sun sha rushe karɓar fili saboda ba a yi hakan ba.

Shi ne ya ce in nemi mai ƙiyasin kadara namu na kanmu. Ba kowa doka ta yarda ya yi wa gini kuɗi ba. Akwai hukumar rajistarsu, ESVARBON, wadda aka kafa da dokar soja a 1975, kuma rahoton wanda ba shi da hatiminta ba ya zuwa ko'ina. Mu gida bakwai a layin muka haɗu muka ɗauki mutum ɗaya, muka sa masa hannu a takardar wakilci, a kan zai ɗauki kashi 10 cikin 100 na abin da ya fito. Yayata da ke aure a Bukuru ta ce wannan ai asara ce, a ba baƙo ushirin gidan ubanmu. Na ce ta bari mu gani.

Mutumin nan ya zauna da mu a zaure, ya yi mana karatun da har yanzu nake amfani da shi. Ya ce su a sana'arsu hanya uku suka fi bi wajen yi wa gida kuɗi. Ko a duba nawa aka sayar da makamantansa a unguwar kwanan nan, ko a duba hayar da yake kawowa a shekara a ninka, ko a lissafa abin da gina shi zai ci. Gida irin namu, tsohon gini a wuri mai tsada, hanyoyi biyun farko su ne ke fito da darajarsa, don mai saye wurin yake saye, ginin ma rushewa zai yi. Amma dokar ta zaɓi ta ukun, wadda ita ce mafi sharri ga tsohon gida. Gidan jar ƙasa a bakin Ahmadu Bello Way da irinsa a bayan gari, in girmansu ɗaya, tsufansu ɗaya, diyyarsu kusan ɗaya ce.

Ƙanina ya tambaye shi, to ai muna ji ana cewa gwamnati ta sayi bene kaza a Abuja miliyan ɗari kaza, su me ya sa ba a cire musu ƙasa? Ya ce wancan ciniki ne. Idan wata ma'aikata na neman ginin da za ta mayar ofis, ta je wa mai shi, yana iya cewa albarka ya juya baya. A nan farashin kasuwa ake dubawa, wuri da komai. Amma ko a nan ma hannun jami'in a ɗaure yake. Sai masu ƙiyasin gwamnati sun duba ginin sun rubuta adadinsu, sai kuɗin yana cikin kasafi, sai an bi ƙa'idojin sayen kayan gwamnati, wanda a tarayya dokar 2007 ce da hukumar BPP ke kula da ita, kuma in kuɗin ya kai wani mataki sai an haura sama neman amincewa. Adadin da mai ƙiyasin gwamnati ya rubuta shi ne rufin cinikin. Ana iya sauka ƙasa da shi, hawa sama kuwa sai da hujja a rubuce, don wata rana odita zai zo ya tambaya. Bambancin mu da mai benen shi ne shi yana da bakin cewa a'a. Ya ƙara da cewa 'yan asalin Abuja ma ba su fi mu ba, don tun dokar 1976 da ta kafa birnin, ƙasar duka ta gwamnatin tarayya ce, ministan birnin ke riƙe da ita.

Ya ce tunda ba za mu iya canza ma'auni ba, faɗanmu a wuri biyu yake: abin da za a rubuta ranar ƙidaya, da kason da za a cire na tsufa. Ya sa muka share ko'ina, muka kwashe tarkacen da ya rufe daɓen zaure, muka ɗauki hoton kowace kusurwa da waya. Ya hana mu yin sabon fenti ko ɗora ko bulo ɗaya. Wasu a layin sun yi ta dasa ayaba da daddare, wani ma ya tayar da ɗaki cikin mako guda. Duk an gane, an soke, kuma abin ya sa jami'an suka shigo sauran gidajen da zargi a ransu.

Ranar ƙidaya suka zo su biyar, har da wakilin mai unguwa. Ɗaya na jan igiyar awo, ɗaya na rubutu a fom, ɗaya na hoto. Suna sauri, don gidaje da yawa ke gabansu kuma rana ta yi. A shago na farko mai rubutun ya leƙa daga ƙofa ya ce bulo inci shida, kwano, babu silin. Mai ƙiyasinmu ya ce a dakata. Ya sa tela ya janye labulen da ya rufe bango, ya nuna kaurin bangon a jikin taga, inci tara ne. Ya ɗaga kai ya nuna silin ɗin katako da hayaƙin janareta ya baƙanta har ya saje da duhun ɗakin. Ya buga ƙafa a ƙasa, ya ce a rubuta daɓen siminti ne, ba turɓaya ba, leda ce kawai aka shimfiɗa a kai. Ƙofar ƙarfe mai ninki, wayar wuta ta cikin bango, barandar gaba da ginshiƙanta biyu, duk sai da ya sa aka shigar ɗaya bayan ɗaya. Mai rubutun ya yi tsaki amma ya rubuta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A bakin rijiya aka fi daɗewa. Su rijiya kawai suka so rubutawa. Shi kuma ya ce rijiyar da aka fasa dutse aka haƙa, aka zuba mata zoben siminti har ƙasa, ba ɗaya take da ramin fadama ba, kuma duk ɗan Jos ya san abin da masu haƙa ke karɓa idan suka ci karo da dutse. Aka ɗaura wa igiya ƙarfe aka zura aka auna zurfi. Inna, wadda tun safe take zaune a kan tabarma tana kallonsu ba ta ce uffan ba, sai ta yi magana daga inda take.

"Yaro, ka rubuta ba ta taɓa ƙafewa ba. Shekarar da famfo ya ɗauke wata da watanni, layin nan duka nan suke ɗiba."

Mai fom ɗin ya rusuna ya ce, "Mama, wallahi babu gurbin wannan a takardar."

Gaskiya ya faɗa, babu. Kamar yadda babu gurbin hayar da za ta tsaya, babu na cinikin da tela da mai kemis da mai cajin waya za su rasa, babu na cewa gidan da ya rage zai zauna a buɗe ba zaure. Dokar ba ta ambaci ko ɗaya ba. Itatuwa kuwa aji uku aka kasa su, mai 'ya'ya, matashi da dashe. Mangwaronmu, wanda ya girme ni, ya shiga ajin farko. Fiya ɗaya aka so a sa ta a matasa, sai da ƙanwata ta nemo hoton bara a wayarta, bishiyar ɗauke da 'ya'ya, sannan aka gyara.

Kafin in sa hannu, mai ƙiyasin ya sa na karanta fom ɗin layi-layi, na ɗauki hotonsa gaba da baya. Sannan aka tsayar da ni a gaban zaure riƙe da allo mai lambarmu aka ɗauke ni hoto. Maƙwabcinmu na hagu yana Legas ranar, yaron gidansa ya sa hannu, an bar masa masai da katangar baya ba a rubuta ba. Ya yi zarya har ya gaji, amsa ɗaya ake ba shi, cewa an rufe ƙidaya.

Bayan nan sai aikin takardu, wanda ba shi da daɗin labari. Da yake gidan na gado ne, sai da muka kawo shaidar rasuwar mahaifinmu, da takardar kotu mai nuna su wane ne magada, da yardar kowa a rubuce cewa ni zan karɓa. Ɗayanmu yana Kaduna, ɗaya tana Saudiyya wurin mijinta. Hoton fasfo, lambar BVN, asusun banki mai suna daidai da na katin ɗan ƙasa. Harafi ɗaya ya bambanta a sunan mahaifinmu tsakanin takardu biyu, wannan kaɗai sai da ya kai ni rantsuwa a kotu.

A farkon 2023 aka kira mu mu ga abin da ya fito. Takarda ce shafi ɗaya. An ɗauki faɗin kowane gini a murabba'in mita, an ninka da farashin da jadawalinsu ya sa wa irin wannan ginin, an cire tsufa. Shagunan an cire musu kashi 45 cikin 100. Zaure da ɗakin jar ƙasa, kashi 60. Da na ga jimillar sai na ji kunnena ya yi ɗum. Shekara biyu kafin nan wani ɗan kasuwar Katako ya taya shagunan nan kaɗai fiye da ninki uku na abin da ke rubuce, muka ce ba na sayarwa ba ne.

Na shiga wurin jami'in da ya sa hannu, dattijo mai furfura, fayil-fayil sun kusa rufe shi. Na ce, "Yallaɓai, a dubi Allah a dubi marayu. Wannan ko harsashi ba zai tayar ba."

Ya cire tabarau ya ce, "Alhaji, zauna. Ka ga wannan jadawalin? Ba ni na rubuta shi ba, kuma ba ni da ikon ƙara masa naira ɗaya. In na sa maka farashin da ba ya ciki, ranar da aka zo bincike ni za a kama, kai kana gida kana barci. Amma in kana da hujja cewa awo bai yi daidai ba, ko tsufan da aka cire ya yi yawa, kawo a rubuce. Wannan ina iya dubawa."

Na fito ina jin haushinsa, amma maganarsa ita ce dai wadda namu mai ƙiyasin ya faɗa tun farko. Ni a ganina iyakar da ake sa wa jami'i ba laifi ba ce. Ƙasar nan mun san abin da zai faru da a ce kowane jami'i zai zauna da mai gida su shirya farashi a tsakaninsu: mai uwa a gindin murhu zai kwashi na mutum goma, hanyar ma ba za a yi ba. Inda cutar take shi ne a sa iyaka a bar ta ta tsufa. Farashin siminti na canzawa kowane wata, jadawali kuwa sai ya shekara da shekaru a aljihun tebur.

Mai ƙiyasinmu ya rubuta ƙorafi mai shafi huɗu. Bai ce kuɗin ya yi kaɗan ba ko sau ɗaya. Ya kawo rasiɗin kwanon da muka sauya wa shagunan a 2018, ya ce rufin da bai kai shekara biyar ba ba a cire masa tsufan shekara talatin. Ya nuna babu tsaga a bango, ya haɗa hotuna. Ya gano an auna barandar amma ba a shigar da ita lissafi ba. Ya kuma ce zaure, ko da yake cikinsa jar ƙasa ce, an yi masa filastar siminti ciki da waje da daɓe, don haka ba ajin ɗakin ƙauye zai shiga ba. Aka sake turo mutum biyu suka duba. Tsufan shaguna ya sauko zuwa kashi 30, baranda ta shiga, zaure ya hau aji na gaba. Ɗakin jar ƙasa suka ce yana nan yadda yake. Abin da aka ƙara ya biya ladan mai ƙiyasin har ya bar saura mai kauri. Yayata ta Bukuru ba ta sake tayar da maganar ushiri ba.

Akwai waɗanda suka ce mu tafi kotu. Na koma wurin lauyan nan. Ya ce dokar filayen ta ce rigimar adadin diyya a kai ta gaban kwamitin rabon filaye na jiha, har ma sashe na 47 ya ce kotu ba ta da hurumin duba ko diyyar ta isa. Amma sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda aka karɓi dukiyarsa a biya shi ba tare da jinkiri ba, kuma yana da damar zuwa kotu a kan adadin, kuma alƙalai sun taɓa fifita wannan a kan wancan. Ƙofa a buɗe take ke nan. Sai dai ya ce in tuna kotun ma da ma'aunin sashe na 29 za ta auna, ba za ta biya mu darajar filin ba, kuma kafin a gama shari'a wataƙila an yi wa titin faci sau biyu. Muka yi shawara a ɗakin Inna, muka sa hannu.

Sai jira. Aka yi zaɓe, aka canza gwamnati, fayil ya kwanta. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, komai ya tashi. Lokacin da aka yi mana lissafi buhun siminti bai wuce naira 5,000 ba. A watan Fabrairun 2024 ya haura 10,000 a wurare da dama, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da masu kamfanonin aka ce a dawo da shi tsakanin 7,000 da 8,000. Rodi da kwano da katako duk suka bi. Kuɗinmu kuwa yana nan a takarda yadda aka rubuta shi, yana narkewa kamar ƙanƙara a hannu. 'Yan hayar suka fara neman wani wuri tunda ba su san ranar rusau ba. Mai kemis ya tashi, shagon ya zauna a rufe, don ba wanda zai kama wurin da ke da jan fenti.

Dokar ta san da irin wannan jinkirin, ta ce a haɗa da kuɗin ruwa daidai da na banki. Wannan ya jawo muhawara a gidanmu. Kawunmu ya ce riba ce, ko an ba mu ba za ta shiga gidan ɗan'uwansa ba. Ƙanina ya ce ba bashi muka bayar don a ƙara mana ba, haƙƙinmu aka riƙe har ya lalace. Aka yi ta ja, kowa da malamin da ya ji. A ƙarshe gardamar ta mutu da kanta, domin da kuɗin ya fito babu ko kwabo na jinkiri a ciki, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin komawa nema.

Wani abin da ya tsaya mini a rai, mai ƙiyasin ya gaya mana cewa da aikin nan na cikin waɗanda Bankin Duniya ke sa wa kuɗi ne, da lissafin ya sha bamban. Ƙa'idarsu ita ce a biya cikakken kuɗin sake gini ba tare da cire tsufa ba, a duba ɗan haya da mai sana'ar da aka tayar, kuma a biya kafin katafila ta taɓa bango. Hanya biyu a jiha ɗaya, mutane iri ɗaya, ma'auni biyu, ya danganta da aljihun da kuɗin aikin ya fito. Wannan ya nuna mini ba wai abin ba ya yiwuwa ba ne.

Alat ya shigo a tsakiyar 2024, ana tsakiyar damina. Aka ba mu wa'adi mu kwashe abin da za mu iya. Shawarar ƙarshe da mai ƙiyasin ya ba mu ita ce mu rushe da hannunmu kada mu jira katafila. Muka ɗauki leburori suka cire kwano a hankali, da katako, da ƙofofin ƙarfe, da tagogi, har bulon da ya fita lafiya muka jera a tsakar gida. Waɗannan su suka cece mu. Mangwaron masu gawayi suka saya. Rijiya aka cike ta da ɓaraguzan zaure, Inna ta shige ɗaki ranar ba ta fito ba sai la'asar.

Bayan 'yan watanni, a Oktoban 2024, ma'aikatar gidaje ta tarayya a ƙarƙashin Ahmed Musa Dangiwa ta bayyana sabon jadawalin diyyar itatuwa da amfanin gona, wanda zai maye gurbin na 2008. A shiyyarmu ta Arewa ta Tsakiya, mangwaro mai 'ya'ya ya tashi daga naira 4,000 zuwa 105,000. Ƙanwata ce ta turo mini labarin a WhatsApp, ba ta rubuta komai a ƙasa ba.

Saura rabon kuɗin. A shari'a diyyar nan gado ce, kowa da kasonsa, Inna da tumuninta, namiji rabon mata biyu. Amma in aka raba, gidan zai zauna baki buɗe a kan titi, kuma cefanen Inna ya yanke. Muka kira Kawu da limamin unguwa, aka lissafa wa kowa nasa a takarda tukuna, don kada wani ya ce an ci masa da kunya. Sannan aka tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya ko ya yarda a zuba nasa a gini. Mutum biyu suka ce suna da buƙata, aka cire musu nasu a take, aka rubuta cewa ba su da kaso a sababbin shagunan. Sauran muka haɗa.

Abin da ya rage ya tayar da katanga da ƙofa da shaguna biyu, ƙanana a kan na da, don sai da muka ja baya daga bakin magudanar kamar yadda masu tsara gari suka gindaya kafin su ba da izni. Zaure babu wurinsa. Ruwa yanzu a wurin 'yan garuwa muke saya, kafin mu tara na burtsatse. Telan ya dawo shago ɗaya, ɗayan wani mai POS ya kama tun ba a gama fenti ba, kuma tunda aka zuba kwalta hayar kowanne ta wuce abin da biyu ke kawowa a da. Ɗaya daga cikin biyun da suka karɓi nasu ya aiko Kawu ya tambaya ko zai iya mayar da kuɗin a sa shi a ciki. Mun ce sai ta Saudiyya ta zo hutu a zauna gaba ɗaya.